Shin Ƙananan Ma'aikatan Fim Sun Cancanci Shafi a Kundin Masoya?

Tambaya: Malam, mu wasu matasa ne masu sha'awar finafinan Hausa, kuma mun fara haɗa wani kundin bayanai a intanet wanda kowa zai iya sa hannu a rubutunsa, inda muke tattara tarihin finafinai da 'yan wasa da daraktoci da mawaƙa. Yanzu saɓani ya shiga tsakaninmu a kan ƙananan ma'aikata, irin su mai riƙe sandar makirufo da mai haska fitila da mai kwalliya da mai kula da ci gaban shiri. Wasunmu suna ganin duk wanda sunansa ya fito a ƙarshen fim a buɗe masa shafi, wasu kuwa suna cewa hakan zai cika kundin da shafuka marasa komai a ciki, a kan mutanen da babu wanda ya san su. Ina gaskiyar take?

Amsa: Sun cancanta, kuma ba ni da wani kokwanto a kan haka. Abin da ya hana gardamarku ƙarewa shi ne kun haɗa tambayoyi biyu a wuri ɗaya. Ta farko ita ce ko sunan ƙaramin ma'aikaci ya kamata ya shiga kundin, kuma amsarta e ce a kowane hali, muddin akwai shaidar cewa ya yi aikin. Ta biyu ita ce ko za a ware masa shafi nasa na kansa, wannan kuwa ta dogara ne ga yawan abin da za ku iya tabbatarwa game da aikinsa, da kuma ko shafin zai amfane shi ko zai jawo masa cutarwa. Girman muƙaminsa a wurin ɗaukar fim ba ya cikin ma'aunin ko kaɗan.

Abokan aikinku da suke cewa babu wanda ya san waɗannan mutane, ko sun lura ko ba su lura ba, ma'aunin Wikipedia suke ara. Ita Wikipedia, wadda aka buɗe a watan Janairun 2001, kundi ne na ilimin duniya baki ɗaya, shi ya sa ta gindaya sharaɗin cewa ba a buɗe wa mutum muƙala sai idan majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da shi, sun yi rubutu mai zurfi a kansa. Wannan sharaɗi yana da hujja a can, domin kundin da ya ɗauki tarihin dauloli da ilimin taurari da bayanin cututtuka ba zai iya ɗaukar kowane mutum da ya taɓa jan waya a wurin ɗaukar fim ba. Amma kundayen masoya sun samo asali ne daga waɗanda wannan ma'auni ya matse. A ƙarshen shekarar 2003 Harry Doddema da Dan Carlson suka kafa Memory Alpha domin tattara duk abin da ya shafi shirye-shiryen Star Trek, sannan a watan Maris na 2005 Chad Barbry da Steven Greenwood suka buɗe Wookieepedia domin finafinan Star Wars, kuma cikin manyan dalilan buɗe ta akwai cewa a Wikipedia ana ganin bayanan da masoya suke zubawa sun yi yawa, ana rage su ko a goge. Ke nan duk wanda ya gina kundin masoya, sannan ya ɗauko sharaɗin shahara ya ɗora masa, ya rushe dalilin da ya sa aka gina kundin tun farko. Tambayar da ta dace da irin kundinku ita ce ko mutumin yana da hannu a cikin aikin da kundin ya keɓanta da shi, kuma ko ana iya tabbatar da hakan.

Akwai wani misali daga Wookieepedia da nake ganin ya isa ya sa kowa ya sake tunani. A cikin fim ɗin The Empire Strikes Back na 1980, ɗaya daga cikin finafinan Star Wars, akwai wani mutum da yake wucewa da gudu a bayan manyan 'yan wasa lokacin da jama'a suke tserewa daga wani birni, rungume da wani abu fari a hammatarsa, wanda masu kallo suka gano cewa injin haɗa askirim ne aka ba shi ya riƙe. Bai furta ko kalma ɗaya ba, fitowarsa kuma ba ta wuce ƙiftawar ido ba. Daga baya aka raɗa masa suna Willrow Hood a wani wasan kati, aka ƙirƙira masa tarihi, aka yi masa 'yar tsana ta sayarwa, yana da shafinsa a kundin, har ma masoya sukan yi shigarsa su yi gudu a tare a tarukansu. Mutumin da ya taka wannan rawa kuwa sunansa bai fito a fim ɗin ba. Ba na zargin masoya a kan son da suke yi wa irin waɗannan ƙananan abubuwa, domin wannan son ne yake raya kundayensu. Abin da nake cewa shi ne, kundin da yake da wurin ajiye mutumin da ba a taɓa haifa ba, wanda ya bayyana na daƙiƙa ɗaya, ba shi da hujjar cewa ba shi da wurin kafintan da ya gina bangon da mutumin ya wuce ta gabansa. Memory Alpha ta fahimci wannan, shi ya sa za ka tarar da shafukan masu tsayawa a madadin 'yan wasa lokacin daidaita haske, da masu wasan kasada, da masu cika fage, da ma'aikatan sassa daban-daban, wasu ma shafin nasu layi biyu ne ko uku.

Yanzu bari mu dubi kalmar da kuke ta maimaitawa, wato ƙaramin ma'aikaci, mu ga me yake yi a zahiri, domin na lura yawancin masu cewa a bar su a waje ba su taɓa tsayawa a lokeshan daga safe zuwa dare ba. Ɗauki mai kula da ci gaban shiri. Ba a ɗaukar fim bisa jerin yadda labari yake tafiya. Idan an samu aron wani gida na kwana biyu, duk fitowar da ta shafi gidan a kwana biyun nan za a ɗauke ta, ko da ɗaya tana farkon labari ɗaya tana ƙarshensa, sannan fitowar da take biye da ita a ƙofar gida wataƙila sai bayan mako uku a wata unguwa dabam. Wanda yake zaune a gefe da littafi da biro, ko da waya yana ɗaukar hoto, shi ne yake rubuta cewa jarumar ta fito daga ɗaki da mayafi a kafaɗar hagu, ɗaurin ɗankwalinta ya karkata dama, jakar tana hannun dama, shayin da yake kan tebur an sha rabi, hular maigidan kuma karinta yana gaba. Ranar da aka zo ɗaukar ci gaban wannan fitowa, littafinsa ne kaɗai yake tsakanin fim ɗin da abin kunya, irin wanda mai kallo zai ga mace ta fita daga falo da atamfa ta iso tsakar gida da leshi. A shirye-shirye masu dogon zango da suka mamaye kasuwa tun bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 da kuma komawar masana'antar YouTube, inda ake ɗaukar labari ɗaya tsawon watanni ko shekaru, nauyin wannan aiki ya ninka. Haka mai riƙe sandar makirufo, wanda zai ɗaga hannuwansa sama na tsawon mintuna yana bin bakin mai magana, yana kiyaye kada sandar ko inuwarta ta faɗo cikin hoto, yana kuma fama da ƙarar janareta da babura da yaran unguwa. Idan ya yi aikinsa da kyau babu mai tunawa da shi, idan ya yi sake kowa zai ce fim ɗin ba ya jiyuwa. Irin wannan aiki, wanda cikarsa ita ce kada a lura da shi, ba zai taɓa jawo hankalin 'yan jarida ba, saboda haka ma'aunin da ya dogara ga rubutun jarida zai ci gaba da zubar da masu yinsa har abada, komai ƙwarewarsu.

Su kansu manyan masana'antun duniya sun daɗe suna wannan zalunci kafin su fara gyarawa. A tsofaffin finafinan Amurka shugabannin sassa kawai ake rubutawa a farkon fim, doguwar jerin sunayen nan da muke gani a ƙarshe ba ta zama al'ada ba sai daga wajen shekarun 1970. Jack Foley, wanda ya yi shekaru da dama a kamfanin Universal yana ƙirƙirar ƙarar takun sawu da motsin tufafi da buɗe ƙofa domin a ɗora a kan hoto, ya rasu a 1967 ba tare da an riƙa sa sunansa a finafinan da ya yi wa wannan aiki ba, alhali yau da sunansa ake kiran sana'ar gaba ɗaya. Kyautar Oscar an fara bayar da ita tun 1929, amma sai a 2024 aka sanar da ware kyauta ga masu zaɓen 'yan wasa, sai kuma a 2025 aka sanar da ta masu tsara wasan kasada, wadda za a fara bayarwa a bikin 2028. Idan har hukumomin da suke da kuɗi da ma'aikata sun ɗauki kusan ƙarni kafin su ga waɗannan mutane, bai kamata kundin masoya ya jira su ba.

Akwai hujjar da ake yawan kawowa, cewa ƙaramin yau shi ne babban gobe. Gaskiya ce. David Fincher, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun daraktocin Amurka, sunansa ya fito a ƙarshen Return of the Jedi na 1983 a matsayin mataimakin mai kyamara a kamfanin Industrial Light & Magic, lokacin yana ɗan shekara 20 da 'yan kai. Joe Johnston ya fara ne da zane-zane a fim ɗin Star Wars na 1977 kafin ya zama darakta. A masana'antarmu ma sananne ne cewa da yawa daga masu ba da umarni sun fara ne daga ɗaukar kaya ko ci gaban shiri ko tace hoto. Sai dai ina ba ku shawara kada ku jingina matsayinku a kan wannan hujja kaɗai, domin tana nufin mai fitila yana da daraja ne kawai idan wata rana ya daina zama mai fitila. Wanda ya shekara 20 yana haska fitila, ya yi finafinai masu yawa, ya koyar da yara, kuma bai taɓa sha'awar zama darakta ba, tarihin aikinsa ya fi na jarumin da ya fito a fim biyu ya ɓace amfani ga mai bincike.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi shi ne halin da tarihin fim ɗin Hausa yake ciki. A Amurka ko Ingila, idan kundin masoya ya ƙi rubuta sunan mai kyamara, akwai ƙungiyoyin ƙwadago masu rajista, akwai takardun kamfanoni, akwai IMDb, rumbun bayanan finafinai na intanet wanda Col Needham ya fara tun 1990. Mu kuwa, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, wanda ake ƙirgawa a matsayin mafarin kasuwar finafinan bidiyo na Hausa a Kano, har zuwa yau, yawancin abin da aka sani game da ma'aikatan bayan fage yana wurare uku ne: rubutun da yake wucewa a ƙarshen kaset, tsofaffin mujallu irin su Tauraruwa da Fim wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, da kuma ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi aikin. Duka ukun suna lalacewa. Kaset ɗin bidiyo yana cin danshi da zafi, faifan sidi yana karcewa, kuma waɗanda suke ɗora tsofaffin finafinai a YouTube sau da yawa sukan yanke jerin sunayen ƙarshe domin suna ganin ba shi da amfani. Ku tuna da fim ɗin Shaihu Umar wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Fim ne da gwamnati ta ɗauki nauyinsa, amma duk da haka an daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a rumbun Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Idan wannan ya kusa salwanta, me ake tsammani ga fim ɗin da wasu matasa suka haɗa kuɗi suka yi a 1998, aka sayar da shi a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, aka manta? A irin wannan yanayi kundinku yana iya zama wuri ɗaya tilo da sunan wani ma'aikaci zai tsira. Wannan ya fi tsanani a ɓangaren waƙa, inda mai kallo yake ganin jarumi da jaruma suna motsa baki, alhali muryar ta wasu ce, kiɗan fiyanon kuma na wani ne da ya kwana a situdiyo, kuma sau da yawa jama'a sun haddace waƙar ba tare da sun san ko ɗaya daga cikinsu ba.

To, amma ɗaya ɓangaren naku ba shirme suke faɗa ba, kuma akwai wurare biyu da nake tare da su. Na farko shi ne maganar shafuka marasa komai. Kowane shafi da aka buɗe nauyi ne a wuyan masu kula da kundin. Shafin fitaccen jarumi idanu da yawa suna kansa, idan wani ya rubuta ƙarya za a gani cikin sa'o'i. Shafin mai kwalliyar da ta yi fim ɗaya kuwa yana iya shekara babu wanda ya leƙa, kuma a irin waɗannan lungunan ne ɓarna take zama. Idan ku goma ne masu aiki, shafuka dubu biyar sun fi ƙarfinku. Na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne cewa waɗannan mutane ne masu rai, kuma yawancinsu ba su zaɓi rayuwar shahara ba. Ita kanta Wikipedia sai da ta ƙone kafin ta koyi wannan darasi: a 2005 wani ya rubuta a muƙalar ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan shugaban Amurka John Kennedy da ɗan'uwansa Robert, ƙaryar ta zauna wajen wata huɗu kafin a gano, kuma bayan wannan ne aka tsaurara dokoki a kan rubuta tarihin mutanen da suke raye. Shi yana da jaridar da zai kai kuka. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da ita.

A wurinmu wannan batu yana da fuska ta musamman da bai kamata a kawar da kai daga gare ta ba. Kowa ya san irin kallon da wani sashe na al'umma yake yi wa harkar fim, musamman ga mata. Akwai matan da suka yi aikin kwalliya ko sutura ko amshin waƙa suna 'yan mata, suka yi aure suka bar harkar, wasu ma dangin mijin ba su san sun taɓa yi ba. Sunan irin wannan baiwar Allah a cikin jerin ma'aikatan wani tsohon fim abu ɗaya ne, domin dama can a fili yake. Amma shafi na musamman mai ɗauke da cikakken sunanta da hotonta da unguwarsu, wanda zai fito da zarar an rubuta sunanta a Google, wani abu ne dabam, kuma yana iya taɓa zaman aurenta. Niyyarku ta karramawa ce, amma kyakkyawar niyya ba ta hana cutarwa. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023, wadda ya kamata wani daga cikinku ya zauna ya karanta kafin ku fara tara ranakun haihuwa da hotunan mutane.

Saboda haka ga yadda nake ganin ya kamata ku tsara abin. Kowane fim ya samu cikakken jerin ma'aikatansa a shafinsa, daga furodusa har zuwa direba da mai dafa abinci, a kwafe shi daidai yadda ya fito a allo, har da kuskuren rubutu idan akwai, sannan a yi gyaran a gefe. Wannan ba ya buƙatar muhawara. Wanda abin da aka sani game da shi bai wuce suna ɗaya a fim ɗaya ba, a sa shi a babban shafin masu sana'arsa, misali shafin masu haska fitila ko na masu tace hoto, a kuma yi yadda duk wanda ya nemi sunansa za a kai shi can kai tsaye. Da zarar sunansa ya bayyana a finafinai da dama, ko aka samu wata hira da aka yi da shi, ko wani bayani tabbatacce game da yadda ya yi aikinsa, ya cancanci shafinsa, domin a lokacin shafin yana yin abin da jerin fim ɗaya ba zai iya ba, wato haɗa ayyukansa wuri guda har a ga da wa ya saba aiki, a wane kamfani ya fara, a wace shekara ya tashi daga mataimaki ya zama shugaban sashe. Daga irin wannan haɗi ne mai bincike yake gano yadda sana'a ta yaɗu daga hannu zuwa hannu, da yadda ma'aikata suke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna da Jos. Kuma wannan ƙa'ida ta hau kan kowa daidai, ɗan wasan da ya fito sau ɗaya da mai kyamarar da ya yi aiki sau ɗaya hukuncinsu guda.

Gajartar shafi kuwa ba aibi ba ce. Waɗanda suka yi karatun littattafan sanin maruwaita hadisi sun san cewa Ibn Hajar, a cikin Taƙribut Tahzib, yakan ba mutum layi ɗaya ne ko biyu: sunansa da na mahaifinsa, alkunyarsa, garinsa, matsayinsa, zamaninsa, sai ya wuce. Ba ina daidaita darajar fannonin biyu ba ne, hanyar aikin kawai nake nunawa, wato cewa malamanmu sun daɗe da sanin amfanin gajeren bayani wanda babban aikinsa shi ne ya bambanta wannan mutum da wancan. Ku ma wannan ce matsalar da za ta fi ba ku wahala. Za ku tarar da Aminu biyar da Sani bakwai, wani an rubuta shi da sunan mahaifi a wannan fim, da sunan unguwa a wancan, da laƙabin da abokan aiki suke kiransa a na uku. IMDb tana warware wannan ne ta hanyar sa lamba a gaban sunaye masu kama da juna. Ku ɗauki wata hanya makamanciyar wannan tun yanzu, kuma ku kafa doka cewa ba a haɗa sunaye biyu a ce mutum ɗaya ne sai da shaida, domin raba abin da aka cakuɗa ya fi haɗa abin da aka raba wuya nesa ba kusa ba.

Abin da zai shiga shafin ƙaramin ma'aikaci shi ne aikinsa kawai: sunan da yake amfani da shi a sana'a, finafinan da ya yi, muƙaminsa a kowanne, da abin da shi da kansa ya faɗa a bainar jama'a game da aikin. Babu adireshi, babu lambar waya, babu maganar aure ko saki ko rashin lafiya, babu hoton da aka ɗauko daga shafinsa na Facebook ba da izininsa ba, kuma babu labarin rigimar da aka ji a majalisa. Idan mutum ya nemi a cire shafinsa, a cire ba tare da ja-in-ja ba, a bar sunan a jerin fim ɗin kamar yadda ya fito a allo. Fitaccen jarumi ba shi da wannan dama a kan abin da ya shafi aikinsa na fili, domin shi ya zaɓi tsayawa gaban jama'a, amma wanda yake bayan kyamara yana da ita. Haka kuma ku yi hattara da kishiyar wannan, wato wanda zai zo ya buɗe wa kansa shafi ya cika shi da kirari, ya jera finafinan da bai taɓa zuwa wurin ɗaukarsu ba domin neman aiki. Ana maraba da gyaran da mutum zai kawo game da kansa, amma a bi da shi ta hannun wani edita.

Abu na ƙarshe da ya kamata ku sani shi ne cewa jerin sunayen ƙarshen fim, duk da shi ne tushenku, ba ya kuɓuta daga kuskure. Akwai sunayen da ake sawa don kara ko don girmamawa, kamar maigidan da aka rubuta a matsayin mai shiryawa alhali kuɗi kawai ya bayar. Akwai sashen godiya ta musamman, inda ake jera wanda ya ba da aron gida ko mota da mai unguwar da ya ba da izini. Waɗannan a rubuta su a shafin fim ɗin a ƙarƙashin godiya, amma ba ma'aikata ba ne, kuma ba a buɗe musu shafi a kan wannan kaɗai. Sannan akwai waɗanda suka yi aikin aka manta da su, ko aka cire sunansu saboda saɓani da furodusa kafin a gama tacewa, ko kuma editan ya kwafo jerin wani fim ɗin da ya gabata bai gyara ba. Waɗannan su ne suka fi kowa buƙatar kundinku, kuma su ne suka fi wuyar tabbatarwa. A nan ina ganin ya dace ku karɓi shaidar baki, da sharaɗin a yi ta bisa tsari: a ɗauki hirar a murya da izinin mai magana, a rubuta ranar da aka yi ta, a nemi mutum na biyu da ya halarci aikin ya tabbatar, sannan a bayyana a shafin cewa sunan bai fito a allo ba, ga kuma inda aka samo shi. Wikipedia ba ta karɓar irin wannan bincike na kai tsaye, amma ku babu abin da ya hana ku, kuma a masana'antar da takardu suka yi ƙaranci babu wata hanyar da ta fi ta. Idan za ku fara, ku fara da finafinan shekarun 1990 da farkon 2000, ku nemi masu tsofaffin shagunan haya da suke da sauran kaset, ku ɗauki hoton jerin sunayen kafin komai, sannan ku je wurin dattawan masu kyamara da masu tace hoto na wancan zamani da jerin a hannu, domin su ne za su iya gaya muku wane Aminu ne wannan, kuma wa aka manta ba a rubuta ba.